Rasuwar Ustaza Ummusalama da Wasiƙar da Aka Aiko Mata Bayan Ta Rasu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki wanda ba a yi masa gardama, Ƙungiyar Malaman Rauda ta Unguwannin Hausawa a Gadarif, da bakin shugabanninta da dattawan da ke ba ta shawara da dukan 'ya'yanta na cikin gari da na garuruwan Doka da Showak da Basunda, ta samu labarin rasuwar uwarta kuma malamarta, wadda ta kafa Cibiyar Horar da Malaman Rauda, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, ta kuma shugabance ta shekara goma sha ɗaya, Ustaza Hajiya Ummusalama Adamu Sharu, wadda Allah Ya karɓi ranta da hantsin Talata, sha biyu ga Oktoba, tana da shekara hamsin da huɗu, bayan jinyar wata biyu ta zazzaɓin kalazar, aka kuma kai ta makwancinta bayan la'asar ta wannan rana.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga yayanta kuma babban gidansu, mai girma Malam Modibbo Adamu Sharu, da maigidanta Alhaji Mato, da 'ya'yanta Adama da Hawwa da Rabi'atu, da mataimakiyarta a Cibiya, Ustaza Jummare, da ɗalibanta ashirin da uku da ta bari saura mako shida su zauna jarrabawar ƙarshe, da kuma iyaye mata na unguwanninmu da na gonaki, waɗanda da yawansu ba su san tana da wata takardar digiri ba, sun dai san ita ce matar da ta shigo har tsakar gida ta zauna a ƙasa ta tambaye su yadda ake kiran ɗansu.

A al'adar irin wannan saƙo, a nan ake jero kyawawan halaye, a ce marigayiya mai haƙuri ce, mai kawar da kai. Ni da aka ɗora wa rubuta shi na yi aiki da ita shekara ashirin da shida, kuma ba zan yi mata ƙarya tana kwance ba. Ustaza ba ta da haƙuri a kan abin da ya shafi yaro, ba ta kuma taɓa kawar da kai ba. Ta yi faɗa da masu duba makarantu, ta yi faɗa da iyaye maza, ta yi faɗa da wannan ƙungiya fiye da sau ɗaya, ni kuwa nawa rabon na faɗan ya fi na kowa. Daga wannan faɗa nata ne aikin ya tsiro, don haka da shi zan fara.

A shekarar 1984 ni da ita muna koyarwa a wata firamare a gefen gari. A ajin farko akwai yarinya da aka rubuta a littafin kiran suna da Zainab Usman. Kullum da safe malamin ajin zai kira Zainab, yarinyar tana zaune tana kallonsa, ba ta amsawa. Aka yi mako uku ana rubuta ba ta zo ba alhali ga ta nan a gaba. Da aka gane ita ce, sai aka ce ko dai kurma ce ko kuwa ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba. Aka kira uwar, aka tambaye ta sunan 'yarta, matar ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ba ta ce uffan ba. Sai aka rubuta a takarda cewa uwar ma ba ta san sunan 'yar da ta haifa ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da ya faru. Yarinyar 'yar fari ce, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, ba mai kama shi a gidan. Ran Litinin aka haife ta, Atine ake ce mata, kuma tun ranar suna ba wanda ya sake furta Zainab a kunnenta.

Ni na san haka. Gidansu bai fi taku ɗari da namu ba, ina ganin Atine tana wasa a ƙofar gida kowace yamma. Amma na yi shiru a ofishin malamai, domin a lokacin saurayi ne ni mai sabuwar takarda, ba na son abokan aikina su ji Hausa a bakina su tuna daga inda kakana ya taso da ƙafa yana neman Makka. Ustaza Ummusalama ce ta shiga ajin ba tare da sallamar kowa ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Atine, yarinyar ta miƙe zumbur. Daga nan ta fito ta same ni a gindin dalbejiya ta wanke ni tas, da Hausa, da ƙarfi, a gaban waɗanda nake ɓoye wa Hausar. Na yi wata guda ba na gaishe ta. Ina faɗar wannan yau a bainar jama'a don kada wani ya zaci masu wannan ƙungiya an haife su da wayo ne. Atine kuwa ita ce ke riƙe da raudar Doka yanzu.

Da wata ce, da ta tsaya nan, ta ce ta gyara yarinya ɗaya. Ita sai ta bi makarantu tana ƙirga irin su Atine: Mudi da aka rubuta Mahmud, Mero da aka rubuta Maryam, da tarin su Abba da Uwani da Hajiya da ba su san suna da wani suna ba. Ta ga yadda yaro lafiyayye yake shiga makaranta ranar farko, a kira shi da sunan da bai sani ba cikin harshen da bai gama ji ba, a yi masa tsawa, a tura shi benci na baya, daga nan kuma sai gona. Ta ce ba a ajin farko za a gyara abin ba, sai a rauda, makarantar 'yan shekara huɗu da biyar, kuma rauda ba za ta gyara komai ba muddin ana ɗaukar ta aikin kowace yarinya da ta faɗi jarrabawa ta rasa abin yi.

Da wannan ta tafi jami'a a birnin Umdurman tana da shekara talatin da tara da 'ya'ya uku, don yin digiri na biyu, majistir, a fannin tarbiyyar ƙananan yara. Kafin a karɓe ta sai da ta yi shekara biyu tana safa da marwa a kan takardar zama 'yar ƙasa, tana jan tsofaffi su shaida cewa an haifi ubanta a nan, an haifi kakanta na wajen uwa a nan, alhali shekarar da aka ɗaga tutar 'yancin kan ƙasar nan aka haife ta. Wannan na wasu ne, Allah Ya isa. Amma namu fa? Mu a unguwa dariya muka yi. Aka ce yau ga mai majistir a kan goge majina. Aka je wa Alhaji Mato da gulma a rumfarsa ta kasuwa, wai ya bar matarsa ta tafi birni koyon yadda ake wasan ƙasa da yara. Alhaji Mato, Allah Ya saka maka. Kai ka riƙe yaran nan shekara uku, kai ke hawa bas kana kai mata garin dawa da busasshiyar kuɓewa, kuma ba mu taɓa jin ka buɗe baki ka yi mata gori ba.

Ta dawo ta buɗe Cibiya a 1999, a ɗaki biyu da rumfa, bayan kasuwar hatsi. Tsarinta ba ya cikin kowane littafi da aka kawo daga wani wuri. Ɗalibarta ba ta samun takarda sai ta shiga gida arba'in, ta zauna da kakanni da gwaggwanni, ba uwar kaɗai ba, ta rubuto kowane yaro da sunansa na gida da na takarda da dalilin da ya sa aka ɓoye ɗaya. A rauda, wata na farko da sunan gida ake kiran yaro. Wata na biyu a haɗa biyun. Kafin shekara ta ƙare yaro ya san shi ne Mudi, shi ne kuma Mahmud, ya iya amsa duka biyun da Hausa da Larabci ba tare da ya ji an sace masa wani abu ba. Ta hana a tilasta wa uwa furta sunan ɗan farinta a gaban kowa, ta ce malamin da ba zai iya samun suna ba sai ya kunyata uwa, to ya koma aji. Kuma da yake iyalanmu da yawa suna kwashe yara su tafi kambo, sansanin ma'aikatan gona, da zarar an shiga yankan riɗi, ta wajabta wa kowace ɗaliba ta bi su can ta yi mako huɗu tana koyarwa a ƙarƙashin rumfar kara. Ita kanta kowace kaka tana hawa bayan lori ta zaga ta duba su. Likitoci sun ce a irin wuraren nan ake ɗauko cutar da ta kwantar da ita. Mun yi mata magana ta rage, ta tambaye mu ko ƙwaron da ke yaɗa cutar ya san ya bar 'ya'yan mutane ne. Malamai ɗari biyu da sittin da ɗaya suka fito daga hannunta.

Yanzu ga abin da ya sa wannan saƙo ya fi na kullum tsawo, kuma muna neman afuwar iyalan mamaciya da muka shigo da shi cikin ta'aziyyarsu, ko da yake da izininsu muka yi.

Ranar Alhamis, kwana na uku, muna zaune a firash, wato shimfiɗar karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Malam Modibbo, sai ga ɗan aike daga wani ofishi da ba za mu kama sunansa ba, don ba mu zo tozarta kowa ba. Bai cire takalmi ba, bai ɗaga hannu ya yi Fatiha ba. Ya miƙo ambulan da littafin sa hannu, ya ce an umarce shi kada ya ba kowa sai mai sunan da ke jiki, kuma ita za ta sa hannu. Sunan da ke jiki shi ne Ummusalama Adamu Sharu, Shugabar Cibiya. Malam Modibbo, mutumin da ya haura saba'in kuma ba a taɓa jin muryarsa a waje ba, ya dube shi ya nuna masa hanya da tasbaharsa.

"Ga maƙabarta can, kabari na uku daga bakin ƙofa. In ta sa maka hannu, ka dawo mu gani."

Daga baya muka karɓi takardar muka karanta. Ana sanar da marigayiya ne cewa tun da ta rasu, Cibiya ta rasa sharaɗin da ke cewa dole shugabanta ya kasance mai majistir a fannin, saboda haka za a zo a rufe ƙofa da safiyar Lahadi, sha bakwai ga wata, ɗalibai kuma su nemi inda za su.

Gaskiya ko a kanmu take za mu faɗe ta: sharaɗin nan ba zalunci ba ne, kuma ba maƙiyanmu ne suka ƙirƙiro shi ba. Ustaza ce da kanta ta yi shekaru tana rubuta takardu tana halartar taruka har aka sa shi, don kada kowane mai ɗaki biyu ya kafa allo ya ce yana horar da malaman yara. Mu ma ba mu ce a cire shi ba, ko wasali ɗaya. In akwai laifi a cikin cewa shekara goma sha ɗaya mace ɗaya tak ke da wannan digiri a cikinmu, to wani ɓangare nasa namu ne, mu da muka yi ta dariyar majina, mu da har gobe in 'yarmu ta ce za ta ci gaba da karatu a kan yara sai mu ce ta nemi abin da ake kira da suna. Ustaza ta hango wannan rana. Shi ya sa ta matsa wa Ustaza Jummare lamba, har da rantsuwa da fushi, sai da ita ma ta tafi Umdurman neman majistir. Jummare ta gama darussanta, ta miƙa kundin bincikenta, an kuma ba ta rana a rubuce: cikin watan Fabrairu za ta zauna gaban malamai ta kare shi. Tsakanin yau da ranar wata huɗu ne.

Wata huɗu muka roƙa. Shugaban ƙungiya da Malam Modibbo da ni muka tafi ofishin da kanmu a ranar, muka bar masu gaisuwa a zaune, muka nuna takardar jami'a da hatiminta. Aka ce mai sa hannu ya fita. Muka ce za mu jira, aka ce ba zai dawo ba. Muka ce to a bar ɗaliban su zauna jarrabawarsu kawai, mako shida ne, aka ce doka ba ta san mako shida ba. Wani ma ya ba mu shawara cikin tausayi, wai su tafi wani gari su sake farawa. Su wa? A cikin ashirin da ukun nan, sha huɗu suna da goyo. Akwai wadda ke tasowa daga Showak da asuba ta koma da yamma shekara biyu cur. Akwai wadda surukarta ta karɓi aikin gonarta duka a kan sharaɗin shekara biyu ne ba ƙari. Tara daga cikinsu a yanzu haka suna kambo, ba su ga gawar malamarsu ba, domin ita ce ta aika musu daga gadon asibiti cewa duk wadda ta baro yara don ta zo duba ta ba ta yafe ba. In aka rufe ƙofar nan ran Lahadi, ba wadda za ta sake farawa a ko'ina. Gida za su koma, raudoji bakwai da ke jiran su kuma su ci gaba da jira.

Saboda haka Ƙungiyar Malaman Rauda ta Unguwannin Hausawa a Gadarif, bayan zaman shugabanninta da shawarar dattawanta da amincewar mai girma Malam Modibbo da Alhaji Mato da 'ya'yan marigayiya, tana sanar da jama'a cewa ba ta yarda a rufe Cibiya ba, ba kuma za ta miƙa mabuɗi ba. Ustaza Jummare za ta riƙe shugabanci daga yau. Ta san abin da hakan ke nufi, domin mun faɗa mata ƙarara cewa ana iya rubuta sunanta a inda zai bi ta har Umdurman, ta ce mu rubuta sunan nata da kyau kawai. Ɗalibai ma ba mu ɓoye musu komai ba. Ba mu da tabbacin za a karɓi jarrabawarsu, mai yiwuwa su yi ta a ce ba a san da ita ba. Mun ba kowacce zaɓi, mun aika wa na kambo ta bakin direbobin lori. Zuwa safiyar yau amsa ashirin da uku ta dawo, duk iri ɗaya.

Muna roƙon Allah, Mai rahama Mai jin ƙai, Ya gafarta wa baiwarSa Ummusalama, Ya yafe mata zafin bakinta albarkacin abin da take yi wa zafin, Ya yalwata kabarinta, Ya sanya kowane yaro da ya zauna a makaranta ta dalilinta ya zama nauyi a mizaninta. Allah Ya ba Malam Modibbo juriyar binne ƙanwar da ya goya. Allah Ya ba Alhaji Mato haƙurin gidan da ya yi shiru. Adama, Hawwa, Rabi'atu, mun san mun cinye muku rabin uwarku tana raye, ku yafe mana, Allah Ya raya ku a kan abin da ta bari. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Sauran magana ita ce ta wurin karɓar gaisuwa. Kwana uku na makoki sun cika, kuma ba za mu ƙara a kan abin da shari'a ta iyakance ba: babu kuka, babu girki, babu taron sadaka. Amma malamanmu sun tabbatar mana cewa wanda ba ya gari ba a rufe masa ƙofar ta'aziyya, kuma kowa ya san mutanen Ustaza ba sa gari. Suna cikin riɗi, riɗi kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa, in ka ba shi kwana biyu sai ka tarar da shi a ƙasa. Bayan riɗi ga dawa. Don haka Malam Modibbo ya yanke cewa ba za a naɗe firash ba, za a ɗauke shi ne daga ƙofar gidansa a shimfiɗa shi a bakin ƙofar Cibiya, shi da Alhaji Mato su zauna a kai kowace safiya tun daga buɗe aji har tashi, su karɓi gaisuwar duk wanda ya samu sarari. Mutanen Doka sun karɓi makon farko, Basunda na biye, sai Showak, sai unguwannin cikin gari su yi ta karɓa-karɓa. Mun ƙirga masu son zuwa, layin ya kai mu Fabrairu har da rara. A ciki kuwa karatu zai ci gaba kamar yadda aka saba.

Za a fara da safiyar Lahadi, ƙarfe bakwai. Duk uwar da ke da ɗan shekara huɗu ko biyar ta zo da shi, ɗalibai na buƙatar yaran da za su gwada darasi a kansu. Kada kowa ya zo da sanda, kada kowa ya ɗaga murya, wanda ya zagi wani ba namu ba ne.

Wanda za a aiko da kwaɗo ma muna gayyatarsa, kuma za a ba shi ruwa da shayi kamar kowane baƙo. Zai tarar da tsofaffi biyu a zaune a bakin ƙofa, ɗaya ya binne ƙanwarsa, ɗaya ya binne matarsa, kwana biyar da suka wuce. Ba wanda zai riƙe masa hannu. In yana iya taka tabarmarsu ya tsallake su ya rufe yara a ciki, ƙofar tana bayansu.

Ustaz Zakari Mudi Adamu
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya
A madadin Ƙungiyar Malaman Rauda ta Unguwannin Hausawa
Gadarif, Asabar, 16 ga Oktoba, 2010